Gyaran Mai Awo

Ranar Laraba ce da hantsi, kasuwa ba ta gama cika ba, Mai Awo ta shimfiɗa tawul a farantin sikelin shagonta, ta kwance goyo ta ɗora 'yarta a kai. Tun da ta dawo shago bayan haihuwa take yin haka duk mako, da wasa. Allurar sikelin ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya a kilo huɗu ba layi biyu. Nan ta tsaya makon jiya. Nan kuma ta tsaya makon da ya gabace shi.

Tela, matar da shagonta ke manne da nata, ta leƙo da tef a wuya.

"Yau nawa kilon jaririyar? In da sauƙi a auna min rabi."

"Ba ta motsa ba," in ji Mai Awo. "Mako uku ke nan."

"Sikelinki ne ya tsufa. Tun zamanin babanki yake shan wahala, ai ya isa ritaya."

Mai Awo ba ta yi dariya ba. Ta ɗauke yarinyar ta rungume da hannu ɗaya, ta jawo ledar sukari ta kamfani, mai kilo ɗaya cif, ta aza. Allura ta tafi kai tsaye ta zauna a kan ɗaya. Ta ƙara leda ta biyu, allura ta zauna a kan biyu. Lafiyar sikeli ƙalau.

Duk abin da ta yi wata uku tana gani tana kau da kai ya taru mata wuri ɗaya: gumin da ke tsattsafo wa yarinyar a goshi in tana shan nono, ko da gari da sanyi, yadda take kamawa ta tsotsa sau biyar sau shida ta saki tana haki kamar wadda ta hau bene da gudu, da ɗan ramin nan da ke lotsawa a ƙasan haƙarƙarinta duk numfashi. Surukarta, wadda suke kira Inna, ta ce haka jariran gidansu suke, ƙanana ne masu ƙashi. Ta yarda don tana son ta yarda. Yanzu ga allura ta ƙaryata su duka.

Ta ja ƙofar shago ta sa kwaɗo tun kafin azahar, ga mutum biyu tsaye da ledarsu a hannu.

A wannan shagon ta tashi. Mahaifinta mai awo ne, shinkafa da wake da sukari da fulawa, kuma ita ya tsayar a bayan tebur tun tana taka akwati kafin ta hango allura. Abu biyu ya koya mata. Na farko ido: ta kai matsayin da za ta ɗibi wake da gwangwani ta zuba, allura ta faɗa kan layi a zubi ɗaya. Na biyu hannu: bayan allura ta tsaya, sai a ƙara ɗan dintsi a kai, wato gyara. Duk mai awo yana yi in an roƙe shi, amma shi tsohon ba ya jira a roƙa. Ranar da ta taɓa ƙulle wa wata tsohuwa leda ba gyara, sai da ya buge mata bayan hannu da marfin kwano, ya ce ta kwance. Tun tana yi don tsoro har hannun ya koma yi da kansa. Ko gishiri za ta sa a tukunya, sai ta auna daidai sannan ta ƙara. Mijinta ya daɗe da haƙura.

Da tsohon ya rasu shagon ya zama nata, sunan ma ya zama nata, har yaran unguwa ba su san tana da wani suna ba. Ta auri mai fenti, mutum mai shiru-shiru wanda ƙarƙashin faratansa bai taɓa zama kala ɗaya kwana biyu a jere ba. Shekara biyar suka yi, da ɓari biyu, kafin wannan ta zo ta zauna. Da aka miƙa masa ita ranar haihuwa ya duba ya ce, "Wannan ai ɗigo ce." Sunan ya bi ta. Ɗigo.

Daga ƙaramin asibitin unguwa aka tura su babba, daga hawa na ɗaya aka tura su hawa na uku. Kwana huɗu suna bin layi kafin su shiga wani ɗaki mai duhu-duhu, inda likitan zuciya, mace mai furfura a gaban goshi, ta shafa wa Ɗigo wani abu mai santsi a ƙirji, ta rinƙa yawo da kan na'ura a wurin tana kallon allo. Da ta gama sai ta juya bayan katin ta yi zane da biro.

"Zuciya ɗakuna ce, da bango a tsakani. Ita nata bangon bai gama rufewa ba. Akwai huji, kuma babba ne. Jini yana bi ta nan yana komawa huhu fiye da kima, shi ya sa take gajiya. Duk abin da ta sha a wurin numfashi yake ƙarewa."

Maigidan ya sunkuya a kan zanen. Bango ya sani, huji ya sani.

"Ana toshewa, Likita?"

"Ana gyarawa. Aiki ne, za a buɗe ƙirji. Amma ba yau ba. Yanzu tana kilo uku da giram ɗari takwas. Muna so ta kai huɗu da rabi, jikin ya samu abin jurewa. Za mu kwantar da ku."

Mai Awo ta ji "a buɗe ƙirji", sauran maganar ta wuce ta saman kanta. Abin da ya maƙale mata kawai lambar ce. Huɗu da rabi. Saura giram ɗari bakwai ke nan. Ta sha ba mutane fiye da haka kyauta a yini guda.

Ɗakin yaran gado goma sha biyu ne, shida nan shida can, kowane gado da kujerar roba ɗaya da ƙaramar loka ta ajiye kaya. Aka ba su gado na huɗu, kusa da tagar da ke kallon bayan ɗakin wanki, inda ake shanya zannuwan gado. Komai na ɗakin yana kuka: yara, na'urori, ƙafar keken magani. A gado na biyar akwai wata tsohuwa mai jinyar jikanta ɗan shekara biyu, don uwarsa tana da sabon goyo a gida. Kowa Kaka yake ce mata. Watanta biyu a ɗakin, ta san wace famfo ce ke kawo ruwa da wace nas ce ake iya roƙo.

"Sannu, 'yar nan. Nan kowa da lambarsa, ke Gado Huɗu ce, kada ki ji haushi. Wannan maigidana ne," ta nuna jikan. "Wata biyu ya ajiye ni a kujera, ko sabulu bai saya min ba. Waccan mai gilashi kuwa ita ce Sista Agogo. In ta ce ƙarfe tara, to ƙarfe tara ne, ko da asibitin ne ya kama da wuta."

An zura wa Ɗigo siririyar roba ta hanci har ciki, don kada ta ƙarar da ƙarfinta wajen tsotso. Mai Awo za ta tatsi nono a kofi, a zuba masa wani gari na ƙarin ƙarfi, a ja a sirinji, a ɗura ta robar a hankali. Mililita hamsin duk awa uku. Kwana biyu nas-nas ne ke yi. A na uku Sista Agogo ta miƙa wa Mai Awo sirinjin ta riƙe mata, sai ta ga matar ta ja ta tsaya a kan layi cak, ko ɗaga shi sama ba ta yi ba.

"Ke a kemis kike aiki?"

"Awo nake yi, Sista. Hatsi."

"To kin hutar da ni. Mu biyu ne a kan yara goma sha biyu. Ga takarda, ga biro. In kin ba ta ki rubuta lokaci da abin da ta sha. Hamsin, kin ji? Ba ragi ba ƙari."

"Ba ragi ba ƙari."

Maganar ba baƙuwa ba ce a kunnenta. Da ita ake cewa allura ta hau layi. Abin da ke biyo bayan hawa layi kuwa ba faɗarsa ake yi ba, yin sa ake yi. Ba wanda ya zauna ya gaya mata dalilin hamsin ɗin. Ta ɗauka garin nan ne ake tsimi don ya isa kowa.

Kowace safiya ƙarfe bakwai ake turo sikelin ɗakin, fari, mai lamba ba mai allura ba. A tuɓe yaro tsirara a ɗora, uwa ta tsaya ta riƙe numfashi. Makon farko Ɗigo ta hau giram ashirin, ta sauka talatin, ta hau goma. Mai Awo ta rinƙa lissafi a ranta: a haka ai sai shekara. Ga kuma yarinya duk ta gama shan hamsin ɗinta sai ta cusa hannu a baki tana ɗan kuka marar ƙarfi, ita kuma ƙirjinta cike, har rigarta na jiƙewa.

Ba da niyya ta fara ba. Ciyarwar ƙarfe goma sha biyu na rana ce, Kaka tana ba ta labarin yadda maigidanta ya ciji wani likita a yatsa. Mai Awo ta ja ta tsaya a hamsin, babban yatsanta ya ƙara ja kaɗan. Sai da ta haɗa sirinjin da robar ta lura hamsin da biyar ne. Ta yi kamar ta mayar, sai ta dubi fuskar yarinyar, ta ɗura. Ɗigo ta lumshe ido ta yi barci, ba ta nemi hannunta ba. A takarda ta rubuta hamsin, domin a saninta gyara ba ya cikin awo.

Daga nan ta rinƙa yi da saninta. Kwana uku tana ƙara biyar, sannan ta koma goma, har bakin sirinji.

Sai lamba ta fara tafiya. Kilo huɗu. Huɗu da ɗari. Huɗu da ɗari biyu da hamsin. Kaka ta tafa hannu ta ce, "Gado Huɗu, wane asiri kike yi? Ki sam min in yi wa wannan malalacin." Mai Awo ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Karon farko ke nan tun ranar Larabar nan da ta ci abinci ta ji ɗanɗanonsa.

Ƙarfe huɗu na yamma ake buɗe wa masu dubiya. Maigidan yakan zo kai tsaye daga wurin aiki, Sista Agogo ta tare shi a bakin famfo.

"Malam, koma ka sake wankewa. Wannan shuɗin fa?"

"Makarantar yara muke yi wa fenti, Sista. Ba ya fita sai ya ga dama."

"To 'yarka ma ba za ka taɓa ta ba sai na ga dama."

Ya wanke sau uku, ya zo ya tsaya a kan gadon, hannuwa a baya kamar mai laifi. Can ya ce, "Mai Awo, kumatu! Wallahi 'yarki ta yi kumatu."

"Taka dai. Ni kumatuna ba haka suke ba."

Ranar Juma'a ƙaramin likitan da ke zagayen safe ya dubi lambar ya ɗan yamutsa fuska, ya danna ƙafar yarinyar da yatsa, ya ce a sa ido, hawan ya yi sauri. Amma ya rubuta da fensir a saman fayil ɗin: Alhamis mai zuwa, in komai ya tafi daidai. Mai Awo ta ji Alhamis, ba ta ji sauri ba.

Ranar Lahadi bayan azahar ta dawo daga wanke kofi, ta ga fatar idon Ɗigo ta kumbura har ta kusa rufe idon. Numfashin ya canza, kowane ɗaya da ɗan gurnani a ƙarshensa, hancin yana buɗewa yana rufewa. Kafin ta ajiye kofin na'urar da ke maƙale a yatsan ƙafar yarinyar ta fara kuka ba tsayawa. Leɓen ya koma toka-toka.

"Sista! Sista!"

Aka ja labule. Aka turo tulun iska. Wani ya ce a kawo allura, wani ya ce a kira babbar likita. Ita aka fitar da ita waje da labulen, ta tsaya tana ganin ƙafafu kawai ta ƙasa, takalma farare suna kai da kawo. Kaka ta kama ta ta zaunar a kujerarta, ta riƙe mata wuyan hannu gam, tana ta addu'a ƙasa-ƙasa. Ba barkwanci ranar.

Likitan zuciyar ta zo da kayan gida, ko farar rigar ba ta sa ba. Sai wajen la'asar ta fito daga labulen.

"Ta ɗan samu. Amma ki saurare ni. Wannan nauyin da muke murna da shi ba nama ba ne, ruwa ne. Zuciyar ta kasa kwashe shi, ya taru a huhu. Aikin Alhamis babu shi."

Ta ɗauki takardar ciyarwa tana bi da yatsa. "Hamsin, hamsin, hamsin. Magani ma ba a tsallake ba." Ta girgiza kai ta ajiye. Sista Agogo ba ta dubi takardar ba. Fuskar Mai Awo ta duba.

Washegari da safe aka ce a dawo da ciyarwa kaɗan-kaɗan. Sista Agogo ta zo da kanta, ta miƙa mata sirinji da kofi.

"Ja talatin." Sannan ta jingina da gadon kamar mai hira. "Ni fa kullum sai a cuce ni a wake. Yaya ake gane mai ƙwari tun a buhu?"

"Ki tura hannu can ƙasa, Sista, kada ki ɗiba a sama. In kin ji gari-gari a yatsa..."

Su biyun suka dubi sirinjin. Talatin da biyar.

"Tun yaushe?" in ji Sista, murya ƙasa.

"Kwana tara."

"Nawa?"

"Biyar. Daga baya goma."

"Me ya sa kika rubuta hamsin?"

"Hamsin na auna, Sista. Sauran gyara ne."

"Gyara." Sista Agogo ta cire gilashinta ta riƙe a hannu. "Baiwar Allah, nan kasuwa ce? An taƙaita mata ne don zuciyarta ba ta iya ɗaukar ruwa da yawa. Duk abin da ya wuce ƙarfinta huhu yake tafiya. Kin ɗauka rowa muke yi miki da nononki?"

Sista ta karɓi sirinjin daga hannun Mai Awo, ta mayar da biyar ɗin cikin kofi, ta ɗura da kanta. Ta daɗe tana gyara filastar da ke riƙe robar a kumatun yarinyar, filastar da ba abin da ya same ta. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Da na zauna minti biyu na gaya miki dalili."

Da likitan ta zo zagaye, an riga an gaya mata. Ba ta yi faɗa ba, kuma Mai Awo ta fi son a ce ta yi. Ta bi ta har bakin ƙofa.

"Likita, ni na yi mata?"

Matar ta tsaya. "Ba zan ce ke ce ba. Zuciyar dama tana gajiya, ko da hamsin ɗin wannan ranar tana iya zuwa. Ba kuma zan ce bai ƙara ba, don ƙarya zan yi miki."

Da wannan amsar ta koma kujerarta. Ta juya ta nan, ta juya ta can, ta ƙi zama gefe ɗaya.

Da yamma ba ta bari maigidan ya shigo ɗakin ba. Ta ja shi matakalar bene, inda masu shara ke jingine tsintsiya, ta gaya masa komai tana kallon bango. Ya zauna a kan mataki. Ya daɗe yana kankare koren fenti daga farcensa da wani farcen.

"Kin gaya wa Inna?"

"A'a."

"To kada ki gaya mata. Tela ma kada ta ji. In an tambaya, ciwon ne ya tashi."

"Shi ke nan abin da za ka ce? Ka yi faɗa mana. Ka zage ni in ji."

"In ce me? Shekara shida ina cin gishirinki, ban taɓa riƙe miki hannu ba."

Ya so ya yi dariya, dariyar ta karye a hanya. Ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Wani mai tura keken marasa lafiya ya zo wucewa, ya ce a ba shi hanya, suka matsa.

Ta ɗauka za a ƙwace sirinjin daga hannunta, amma Sista Agogo ta ce ita za ta ci gaba. "Sai dai ki ja, ki ajiye a tire, ki naɗe hannu, ki kira ni in gani. Ko ina ƙarshen ɗaki ki jira." Haka ta yi kwana goma sha biyu. Ta koyi jan sirinji da hagu, don hagun ba ta san komai ba. Ɗigo ta koma cusa hannu a baki bayan kowace ciyarwa, da kukan nan nata kamar na ɗan kyanwa, ita kuma ta zauna ta tura hannun damanta ƙarƙashin cinya tana kallo. Nonon da ya rage ta kai bakin famfo ta zubar, ta sakar masa ruwa ya bi.

Ruwan jikin ya sauka, kumatun suka tafi da shi. Lamba ta faɗo uku da ɗari tara, ta rarrafa ta kai huɗu da giram hamsin, ta tsaya. Kwana biyar a nan.

A cikin kwanakin aka shiga da jikan Kaka tiyata, ranar wata Talata. Da yamma tsohuwar ta dawo ta tattara kwanukanta, ta ce yana ɗakin masu tsanani, an ce ta koma can ta jira. Ta bar wa Mai Awo filas ɗinta na ruwan zafi. "Riƙe min, Gado Huɗu. In maigidana ya tashi zan zo in karɓa, kada ki ce na ba ki." Kwana biyu bayan nan aka kawo wata yarinya da uwarta gado na biyar. Mai Awo ta tambayi Sista labarin Kaka, Sista ta ce, "Ki ji da naki gadon." Ba ta sake tambaya ba. Filas ɗin yana nan a kan loka.

Ranar Litinin likitan zuciyar ta zo tare da wani dogon mutum mai siraran yatsu, ta ce shi ne mai yin aikin. Suka sa aka kira maigidan daga wurin aiki. Ya zo da rigar fenti, aka shiga da su wani ƙaramin ofis mai kujera biyu, likitocin suka tsaya a tsaye.

"Ba za mu ƙara jiran huɗu da rabi ba," in ji dogon. "Jiran ya fara cin ta fiye da yadda yake ƙara mata. Tun abin da ya faru ran Lahadin nan huhun bai koma daidai ba, kuma in ya sake faruwa ban san ko za mu samu damar shiga da ita ba. Za mu yi ran Alhamis, a yadda take."

"A yadda take ɗin ya isa?" in ji maigidan.

"Da ta fi haka da na fi so."

Mai Awo ta ce, "Cikin goma, nawa ne suke fitowa?"

"Mafi yawa. Ba zan ba ki lamba ba, Maman Ɗigo, don za ki zauna ki yi ta juya ta. Abin da zan iya cewa, in an bar ta haka ba za ta kai ko'ina ba."

Ya karanta musu takardar layi-layi, da abin da zai iya faruwa da jini, da bugun zuciya, da farkawa. Maigidan ya sa hannu. Ita ma ta sa.

Ranar Alhamis tun kafin asuba aka hana Ɗigo komai, ciki sai ya zama wayam kafin a sa ta barci. Awa uku ta cika ta wuce, yarinyar ta san lokacinta, ta fara juya kai tana nema. Mai Awo ta ɗauke ta ta rinƙa zagaye tsakanin gado da taga, ta juya ta ta fuskanci waje don kada ta ji ƙanshin nono. Matar gado na biyar ta ce, "Haba, ko ɗan jiƙa mata leɓe ki yi mana, wa zai gani?" Mai Awo ta dube ta kawai, ta ci gaba da zagayenta.

Ƙarfe takwas saura kwata Sista Agogo ta zo da wata 'yar riga mai igiya a baya. Ita ta sa mata da kanta, ta duba abin hannun da aka rubuta lambar fayil a kai, ta sake dubawa. Suka bi dogon baranda, suka shiga lif, suka sauka hawa na biyu. A bakin wata ƙofa mai ganye biyu wata nas mai koren kaya ta miƙo hannu. Mai Awo ta miƙa ta. Ba ta san za ta iya ba, sai ta ga ta miƙa. Nas ɗin ta zare wa yarinyar safa ta ba ta, ƙofar ta rufe.

An ce musu awa huɗu, in ba a samu wani abu ba.

Akwai benci biyu a barandar, da agogon bango a saman ƙofar. Maigidan ya kasa zama, ya je ƙarshen baranda ya dawo, ya tsaya yana kallon inda fentin bangon ya kumbura, ya sake tafiya. Wajen ƙarfe goma Inna ta iso da carbinta, ta zauna kusa da Mai Awo, ta ce, "Kin karya kuwa?" Ta ce eh. Ba ta karya ba. Tela ta kira waya sau biyu, ba ta ɗauka ba. Rigarta ta jiƙe ta gaba, ta ja mayafi ta rufe.

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi ƙofar ta buɗe, duk suka miƙe. Wani dattijo aka turo a kan gado, 'ya'yansa suka bi shi. Sha biyu ta yi, ta wuce. Sha biyu da rabi wata nas ta fito da sauri da ƙaramar kula a hannu, irin wadda ake ɗauko jini a ciki, maigidan ya ce, "Sista, don Allah," ba ta tsaya ba. Bayan minti goma ta dawo da kular, ta shige.

Inna ta ce, "Ai su likitoci haka suke, in sun ce huɗu to shida ne."

Yanzu ƙarfe ɗaya da minti ashirin. Suna nan a kan benci, su uku. Ba wanda ya fito ya kira su tukuna.